Tarihin Kwamfutar Da A Ke Haɗawa Da Hannu

Duk wanda ya san fadamar Haɗeja, tun daga Auyo har Baturiya da Guri, ya san yadda noman rani ya sake kama cikin shekaru arba'in ɗin nan. Iyayenmu da jigo su ke ban ruwa, mutum ya wuni yana ja yana juyewa, in rana ta faɗi bai shayar da abin da ya wuce 'yan fangula ba. Cikin shekarun 1980, sa'ad da ƙasar Haɗeja ta ke cikin Jihar Kano, hukumar aikin gona ta KNARDA ta shiga sayar wa manoma ƙananan injunan ban ruwa masu shan fetur. Da gwamnati ta hana shigo da alkama daga waje a 1987, sai alkamar gida ta yi daraja, kowa ya tashi neman inji. Yau da wuya ka bi bakin kogi da rani ba ka ji kukansa ba.

To, me ya sa injin nan ya zauna da gindinsa a ƙasarmu, alhali daga ƙasashen waje a ke kawo shi? Dalili shi ne ana iya kwance shi. In fulogi ya mutu a sa wani. In fistin ya cinye a sayo sabo a kasuwar Haɗeja, ko da ba kamfanin da ya yi injin ne ya yi shi ba, ya kuwa shiga daidai. Bakanike ya kan tara matattun injuna uku ya fid da rayayye ɗaya. Da a ce a liƙe injin ya ke zuwa, ba mai buɗe shi sai wanda ya ƙera, da tuni manoma da yawa sun koma jigo.

Akwai wata na'ura da ta bi wannan hanya, ita ce kwamfutar kan tebur. Yau saurayi ya kan sayi sassa bakwai ko takwas, kowanne daga kamfani dabam, wani na Amurka, wani na Taiwan, wani na Koriya, ya zauna da sukundireba ɗaya, kafin la'asar ya haɗa kwamfutar da ba ta kai jarkar ruwa girma ba, mai iya ɗaukar wasannin nan da suka fi kowane aiki cin ƙarfin na'ura. Wannan abu ba daga sama ya faɗo ba. Yana da tarihi, cikin tarihin kuwa akwai wayo, akwai ganganci, akwai rigimar 'yan kasuwa.

Tushen al'amarin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A Ingila, farkon zamanin injuna, kowace masana'anta da irin yankan notinta, notin wannan ba ya hawa ƙusar waccan, kamar dai a ce kowace mai awo a kasuwa da girman mudunta. In inji ya lalace sai a koma wa wanda ya yi shi, ko yana kusa ko yana nesa, shi kuwa ya yanka kuɗin da ya ga dama. A 1841 wani injiniya mai suna Joseph Whitworth ya kawo shawara a tsai da ma'auni ɗaya. Kamfanonin jirgin ƙasa suka karɓa, sannu a hankali saura suka bi. Tun daga nan aka gane in maƙera sun yarda da ma'auni ɗaya, mai saye ya huta, mai gyara kuma ya sami sana'a.

Kwamfutocin farko ba ruwansu da wannan. Wadda ta fi suna cikinsu ita ce ENIAC, wadda aka nuna wa jama'a cikin watan Fabrairu na 1946 a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka. Sojoji ne suka biya kuɗinta, don ta lissafa musu inda harsashin igwa zai faɗi. Nauyinta tan 30, ta cika wani babban zaure, cikinta da ƙwayaye masu kama da ƙwan lantarki wajen 18,000, wutar da ta ke sha kuwa ta kai kilowat 150, watau abin da zai ishi unguwa guda. Tana iya tara lambobi sau 5,000 cikin daƙiƙa ɗaya, mutanen lokacin suka ga abin kamar siddabaru. Mata shida aka ɗora wa aikin shirya ta, in za a ba ta sabon lissafi sai su bi suna cire wayoyi suna sake sokawa, wani lokaci har kwanaki. Guda ɗaya tak aka yi irinta, sassanta kuma ba su shiga wata na'ura a duniya.

Abin da ya ƙanƙantar da ita ba zai ɗauke mu dogon bayani ba. A 1947 masanan kamfanin Bell suka ƙago tiransisto, ɗan mitsitsin abu mai yin aikin ƙwayayen nan ba tare da zafi mai yawa ba. A 1958 da 1959 Jack Kilby da Robert Noyce, kowa a wurin aikinsa, suka gano yadda za a dasa tiransisto da yawa bisa ɗan ɓallin abu ɗaya. Na Noyce na silikon ne, shi kuwa silikon daga yashi a ke tace shi. A 1971 kamfanin Intel ya fid da ƙwaƙwalwar kwamfuta sukutum bisa ɓalli ɗaya wanda bai kai farcen ɗan yatsa ba, ɗauke da tiransisto 2,300, aka sa masa suna 4004. Daga ran nan ƙwaƙwalwar kwamfuta ta zama haja, wadda kowa ke iya saye a ƙunshe masa.

Wanda ya fara cin moriyar wannan sosai wani mutum ne mai suna Ed Roberts, mai ɗan ƙaramin kamfani da a ke kira MITS a garin Albuquerque. Bashi ya kusa cinye shi, sai ya yi kasada, ya tattara sassan wata 'yar kwamfuta mai suna Altair 8800, ya ce zai sayar da su a kwance kan kuɗi wajen dala 400, mai saye ya haɗa da kansa. Mujallar Popular Electronics ta buga hotonta a bangonta na watan Janairu 1975. Ya yi zaton 'yan ɗaruruwa za su saya, sai dubbai suka aiko da kuɗi. Haɗa ta kuwa aiki ne ja, gama sai mutum ya narka dalma ya liƙa sassa ɗaya bayan ɗaya. In ya gama, ba ta da allon rubutu, ba ta da gilashin kallo, sai 'yan makunnai da 'yan fitilu a gaba, abin da ta ke iya riƙewa kuwa bai wuce haruffa 256 ba, ko gaisuwar farkon wasiƙa bai cika ba.

Amma akwai abu guda da Roberts ya yi wanda ya fi na'urar kanta amfani. Ya bar ramuka a cikinta, kowanne da baki 100, inda za a soka ƙarin alluna. Nan da nan waɗansu kamfanoni suka shiga ƙera allunan da za su shiga ramukan nan, waɗansu ma sun fi nasa kyau. Ransa bai so ba, amma ba yadda ya iya. Saboda Altair ne Bill Gates da Paul Allen suka kafa Microsoft a 1975. Cikin masu sha'awarta kuma akwai Steve Wozniak, wanda ya ƙera Apple ta farko a 1976, ita ma allo ne tsirara, mai saye shi zai nemo mata akwati.

Duk wannan lokaci babban kamfanin nan IBM, wanda ke ƙera wa gwamnatoci da bankuna manyan kwamfutoci, yana kallon abin kamar wasan yara. Ɗan hakin da ka raina kuwa shi ke tsone maka ido. Da suka farga kasuwa na neman wuce su, sai a 1980 suka ware 'yan mutane kaɗan a garin Boca Raton, Don Estridge ya zama shugabansu, aka ce su fid da ƙaramar kwamfuta cikin shekara guda. Al'adar IBM ita ce ta ƙera kome da kanta, amma shekara guda ba ta isa. Don haka suka shiga kasuwa kamar kowa. Suka sayi ƙwaƙwalwa wurin Intel, suka sayi tsarin da ke tafiyar da na'urar wurin Microsoft, sauran sassa ma galibi na kasuwa ne. Suka bar ramuka biyar na ƙarin alluna. Sa'an nan, don su jawo masu ƙera allunan, suka buga littafi mai ɗauke da zanen wayoyin na'urar duka, kowa na iya saye ya karanta. Ran 12 ga Agusta 1981 aka fid da ita, farashinta ya tashi daga dala 1,565.

Ya kamata mu tsaya nan mu faɗi sassan nan, gama tsarin da aka yi a 1981 shi ne har yau, sai dai ƙarfi ya ƙaru. Wanda ya san ofishin En'e na da zai gane shi da sauƙi. Ƙwaƙwalwa ita ce babban akawu, shi ke yin lissafi, shi ke ba da umurni. Akwai abin da a ke kira ram, shi ne teburin akawu, inda a ke baza takardun da a ke aiki da su a lokacin. In tebur ya yi ƙanƙanta aiki ya yi nawa, in an tashi daga ofis kuma a kwashe kome, watau in wuta ta ɗauke abin da ke cikin ram ya tafi. Akwai rumbu, shi ne kabad ɗin fayil, abin da aka sa ciki yana nan ko bayan shekara. Akwai tukunyar wuta, ita ce baitulmali, tana karɓar wutar bango ta rarraba wa kowane sashe gwargwadon albashinsa. Akwai katin hoto, mai zana abin da ido ke gani. Sai uwar allo, wadda dukansu ke zaune bisanta, ita ce ginin ofishin da masinjojinsa. Daga ƙarshe sai akwati da fankoki.

Cikin dukan waɗannan, abu ɗaya kaɗai IBM ta riƙe a matsayin mallakarta, shi ne wani ɗan rubutaccen umurni da ke ta da na'urar in an kunna ta, ana ce da shi BIOS. Sun tabbata duk wanda ya kwafe shi za su kai shi gaban alƙali su ci shi. Ashe akwai ƙofar baya. Kamfanin Compaq, wanda mutum uku suka kafa a 1982, da kuma Phoenix a 1984, suka yi wata dabara. Aka raba ma'aikata gida biyu. Na farko suka binciki abin IBM, suka rubuta abin da ya ke yi kaɗai, ba su rubuta yadda ya ke yi ba. Na biyu, waɗanda ba su taɓa ganin rubutun IBM ba, suka karɓi takardar nan suka rubuta nasu daga farko. Aiki ya zama ɗaya, rubutu dabam, shari'a ba ta da abin kamawa. Phoenix ta shiga sayar wa duk mai so. Microsoft kuwa tun farko ba ta yarda ta sayar wa IBM ita kaɗai ba, Intel ma haka.

Shi ke nan, ƙofa ta buɗe. A 1984 wani ɗan makaranta mai shekara 19, Michael Dell, ya fara haɗa kwamfutoci a ɗakin kwanansa na Jami'ar Texas da jarin dala 1,000. A tsibirin Taiwan kamfanoni suka yi ta tsiro suna ƙera uwar allo da araha, Gigabyte da MSI a 1986, ASUS a 1989. Da IBM ta ga gonarta ta zama ta kowa, sai a 1987 ta fid da sabuwar na'ura mai suna PS/2, da sababbin ramuka waɗanda ba mai yin irinsu sai ya biya ta lada. Ihu bayan hari ke nan. A 1988 kamfanoni tara, Compaq na gaba, suka haɗa kai suka ƙi, suka ci gaba bisa tsohon ma'auni, masu saye kuma suka bi su, don ba wanda ke son zubar da allunan da ya riga ya saya. A 2005 IBM ta sayar da sashenta na ƙananan kwamfutoci ga kamfanin Lenovo na ƙasar Sin, ta fita daga sana'ar da ita ta shimfiɗa.

A 1995 Intel ta tsai da ma'aunin da a ke kira ATX. Ya faɗi girman uwar allo, inci 12 da inci 9.6, ya faɗi inda ramin kowace ƙusa zai kasance, da irin bakin wayar da za ta fito daga tukunyar wuta. Shi ne mudun da kasuwar nan ke awo da shi har yanzu. Akwatin da aka ƙera shekara ashirin da suka wuce, in na ATX ne, uwar allon bana za ta zauna cikinsa.

Yanzu sai mu juya wajen wasa, gama shi ne ya tura na'urar nan gaba fiye da aikin ofis. Tun 1962 waɗansu 'yan makarantar MIT, Steve Russell na cikinsu, suka shirya wasan jiragen sama masu harbin juna mai suna Spacewar, bisa kwamfutar da kuɗinta ya kai dala 120,000. Amma wasan da ya girgiza kasuwa shi ne Doom, na watan Disamba 1993, da ƙanensa Quake na 1996. Cikinsu mai wasa ya kan ga kamar shi ne ke tafiya cikin gini, in ya juya bango ya juya. Mai karatu ya duba nauyin aikin. Hoton gilashi irin na yau ɗigo-ɗigo ne, 1,920 a kwance, 1,080 a tsaye, watau ɗigo fiye da miliyan 2. Kowanne sai an lissafa launinsa, kuma a sake lissafin sau 60 cikin daƙiƙa, in ba haka ba hoto ya riƙa tsalle. Babban akawu, kome gwanintarsa, ba ya iya wannan shi kaɗai.

Maganin da aka samo shi ne aikin gayya. Maimakon gwani ɗaya, sai a tara dubban ƙananan ma'aikata bisa katin hoto, kowa ya kama kunyarsa, ba wanda ya iya lissafi mai wuya amma duk tare su ke yi. Kamfanin 3dfx ya fara yin suna da katinsa Voodoo a 1996. Nvidia, wanda aka kafa a 1993, ya fid da GeForce 256 a 1999, a ƙarshen 2000 kuma ya saye kayan 3dfx da ta durƙushe. Wani katin Nvidia na 2022, RTX 4090, ma'aikatan gayyarsa 16,384 ne, tiransistonsa kuwa wajen biliyan 76. A tuna na 1971 guda 2,300 ne.

Dattawa da yawa suna ganin wasan nan shiririta ne, ba kuwa za a ce ba su da gaskiya ko kaɗan ba, gama wanda ya bar gona ranar shuka ya zauna gaban gilashi, hukuncinsa ɗaya da wanda ya bar ta ya zauna gindin dara. Amma a faɗi gaskiya, kuɗin 'yan wasa ne ya raini katin hoto. A 2012 waɗansu masu bincike na Jami'ar Toronto ta Kanada suka ɗauki katunan wasa guda biyu suka koya wa kwamfuta gane abin da ke cikin hotuna, suka tsere wa kowa a gasar shekarar. Daga nan ne na'urorin nan masu amsa tambaya kamar mutum suka sami hanya. Cikin watan Yuni 2024 Nvidia, mai ƙera kayan wasa, ya kai ga zama kamfanin da ya fi kowanne daraja a kasuwar hannun jari ta duniya.

Saura batun ƙanƙanta. Akwatin ATX na kullum ya kan ci lita 40 ko 50, jarka biyu ke nan, rabinsa kuwa iska ce. 'Yan wasa sun saba taruwa a babban zaure, kowa ya ɗauko tasa, a haɗa su da waya a yi gasa kwana biyu ko uku. An fara irin wannan taro a Suwidin a 1994, a Texas kuma a 1996. Wanda ya taɓa ɗaukar akwatin nan a ka ya hau bene, ba sai an gaya masa amfanin ƙarami ba. A 2001 kamfanin VIA na Taiwan ya fid da sabon ma'auni mai suna Mini-ITX, uwar allo mai santimita 17 kowane gefe, kamar allon ɗan makaranta sabon shiga. Hikimar da suka yi ita ce, ramukan ƙusarta huɗu sun dace da huɗu daga cikin na ATX, ba su ɓata mudu ba, sun dai yanko wani yanki nasa. Ba don wasa aka yi ta ba, don ƙananan injunan kanti da masana'antu ne, sai bayan shekaru kamar bakwai aka sa mata ramin da ke ɗaukar babban katin hoto.

Manyan kamfanoni ba su kula da yi mata akwatin kirki ba, sai masu sha'awa suka yi da kansu. A 2013 waɗansu mutum biyu suka zana akwati mai lita 12.6, suka sa masa suna NCASE M1, suka nemi jama'a su biya tun kafin a ƙera, kamar adashi, da kuɗi ya taru kamfanin Lian Li na Taiwan ya ƙera musu. A 2016 wani Bajamushe ya bi wannan hanya da akwatinsa Dan A4, mai lita 7.2 kacal. Dabararsa ita ce ya jingina uwar allo da katin hoto baya da baya, ya sada su da wata faffaɗar waya, kowanne na shan iska ta nasa gefen. Rumbu ma ya taimaka, gama na da faifai ne mai juyawa, girman tafin hannu, na yanzu kuwa ɗan siriri ne, faɗinsa milimita 22, tsawonsa 80, a jikin uwar allo a ke kwantar da shi da ƙusa ɗaya.

Sai dai kowace ƙanƙanta da kuɗinta. Ƙaramar uwar allo rami ɗaya gare ta na kati, biyu na ram, ta kuma fi babba tsada. Ƙaramar tukunyar wuta ma haka. Kafin a sayi kati sai an auna tsawonsa da kaurinsa da ma'auni, don rabin inci na iya hana murfi rufuwa. Babbar wahala kuwa ita ce zafi. Duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi ta ke komawa, ba inda ta ke zuwa. Katin nan na 2022 shi kaɗai wat 450 ya ke sha, in aka haɗa da ƙwaƙwalwa da saura a tasam ma 600, fiye da rabin abin da dutsen guga na lantarki ke sha, ga shi kuwa an cusa shi cikin ɗan akwati. In ƙwaƙwalwa ta kusa zafin tafasasshen ruwa, da kanta ta ke rage gudu don kada ta ƙone, mai ita ya biya kuɗin doki ya hau jaki.

Nan ne labarin ya iso gida. Masu gwada kayan nan a ɗakuna masu sanyi su ke gwadawa, inda awon zafi bai wuce 25 ba. Mu kuwa a ƙasar Haɗeja, cikin Afrilu da Mayu, ya kan haura 40 a inuwa. Fanka ba ta yin sanyi, iskar ɗaki ta ke turawa, in iskar da zafi ta shiga da zafi za ta yi aiki. Da hunturu kuma ga ƙura, tana toshe 'yan tagogin akwati, tana kwanciya bisa fankoki kamar auduga, sai an riƙa buɗewa ana hurewa. Wuta ma da nata. A garuruwan fadama irin su Baturiya mutum ba ya dogara ga wutar gwamnati kaɗai. In da sola zai yi, lissafin mai sauƙi ne. Wat 600 na awa 4 daidai ya ke da dukan abin da babban batir mai lamba 200 ke riƙewa, irin batirin nan na dalma kuwa ba a so a sha fiye da rabinsa, don haka biyu za a saya saboda wasan dare ɗaya. A ganina mutumin ƙasarmu ya fi dacewa da irin ƙwaƙwalwar da kamfanin AMD ya fid da a 2018, wadda aka gina mata ɗan katin hoto a cikinta, wat 65 ta ke sha. Ba ta kai manyan kyaun hoto ba, amma tana ɗaukar wasan ƙwallo da makamantansa, ta yi aikin rubutu da lissafi, kuma ramin kati na nan yana jira in hali ya samu.

Haɗa kwamfuta ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. A Ikeja ta Legas akwai kasuwar da a ke kira Computer Village, inda aka daɗe ana haɗa wa mutum na'ura yana tsaye. A 2001 Leo Stan Ekeh ya fid da kwamfutar Zinox, haɗin gida, har da alamar naira bisa allon rubutunta. A Jigawa, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, aka kafa makarantar koyon kwamfuta a Kazaure tare da wani kamfanin Singafo mai suna Informatics, samari da yawa na jihar nan can suka fara riƙe sukundireba. A Kano kuwa akwai titin Beirut da kasuwar Farm Centre, inda a ke cinikin wayoyi da kwamfutoci da kayan gyaransu. Amma sassan duka da dala a ke sayo su. Kafin watan Yuni 2023 dala ɗaya wajen naira 460 ce a farashin gwamnati, zuwa Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Don haka galibin masu haɗawa a nan kayan hannu su ke saye, waɗanda a ke kira tokumbo, suna kuma tarawa ɗaya ɗaya, bana a sayi ram, baɗi a sayi kati, abin da ba ya yiwuwa in ba don ma'aunin nan ɗaya ba.

Kayan hannu kuwa sai da lura. A 2021 katin hoto ya yi wuya a duniya, har farashinsa ya ninka, saboda masu haƙo kuɗin intanet sun kwashe su suna aiki da su dare da rana. Da aka sake tsarin kuɗin Ethereum cikin Satumba 2022 sana'ar ta faɗi, katunan nan suka kwararo kasuwa da araha, waɗansu fankokinsu sun gaji tilis. Kada a biya sai an soka kati an ba shi aiki mai nauyi na rabin awa, ana sauraron kukan fanka, ana duban hoto.

Har wa yau son rufe ƙofa bai mutu ba tun na 1987. Yawancin ƙananan kwamfutocin hannu na yanzu a liƙe ram ɗinsu ya ke zuwa, ba a ƙarawa, ba a cirewa. Wayoyin hannu kuwa har batir da gam a ke manne shi, shi ya sa Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 ta ce daga 2027 a riƙa yin na'urori yadda za a iya canja musu batir. Ko cikin kwamfutocin tebur ma, waɗansu manyan kamfanoni su kan ƙera na ofis da tasu irin uwar allo da tasu irin tukunyar wuta, a waje kamar kowace, a ciki mudunsu dabam. Irinsu ne suka fi yawa cikin tokumbon da ke isowa Kano, ƙanana masu kyaun gani, ga araha. Mai son ya saya ya ƙara mata kati, ya sa a buɗe masa murfi tun a kanti, ya nemi babbar wayar da ke fitowa daga tukunyar wuta zuwa uwar allo, ya ƙirga bakinta. In 24 ne, ta ATX ce, kowace tukunyar da ta shiga akwatin za ta yi. In bai ga mai 24 ba, sai wata 'yar ƙarama mai 6 ko 8, to, ran da tukunyar nan ta ƙone sai ya jira a samo masa irinta daga Legas.